Dawar Baba Jatau a Hanyar Maraɗi

Shekaranjiya ina zaune a rumfar bakin tasha, sai na ji ɗayanku yana cewa wai kai saƙo Nijar ba sana'a ba ce, aike ne kawai. Ka miƙa wa direba leda, ka rubuta lambar waya a jikinta, ka koma gida abinka. Ban tanka masa ba, don akwai mutane. Amma tunda yau kun zo da ƙafarku, ku gyara zama. Da wannan aiken na yi aure, da shi na gina gidan da kuka same ni a ciki, tun ana kashe sule da sisi har aka canja kuɗi. Har gobe tsofaffin garin nan Garba Mai Saƙo suke kirana.

Jim kaɗan bayan samun mulkin kai na fara. A lokacin Gobirawa da mutanen Maraɗi suna zuwa nan Birnin Gwari cin rani da yawa. Wasu su koma in hadari ya fara haɗuwa, wasu ƙasar ta yi musu daɗi su kama gona a Kuyello ko Saminaka su zauna. Kowannensu yana da uwa ko 'yar'uwa a can arewa, kuma kowa yana so a ce ya aiko. Gidan waya ba ya karɓar zuma ko daddawa, ƙauyukansu ma ba su da lambar akwati. Nan abincinmu yake.

Aikina na farko gora ce cike da ruwa. Maigidana, Malam Ilu, wani dattijon Bakatsine da ya riga kowa buɗe wannan hanya, shi ya miƙo mini ita da tsumma da igiya, ya ce in ɗaure ta kamar zuma ce za a kai Maraɗi. Na ɗaure, na ƙawata ƙulli, na kawo masa ina jin kaina. Ya hau bayan wata motar katako da ke tsaye, ya sako ta ƙasa. Gora ta tarwatse, ruwa ya wanke mini ƙafa.

Na ce, "Maigida, ai jefar da ita ka yi."

Ya ce, "Ni sau ɗaya na jefar. Hanya za ta jefar da ita sau ɗari kafin Funtuwa. Ɗauko wata."

Gora bakwai na fasa kafin na gane ba ƙarfin ɗauri ke tsare kaya ba, shimfiɗa ce. Ƙaiƙayi a ƙasa, ƙaiƙayi a gefe, gora a tsakiya kamar ƙwai a sheƙa, sannan kwando, sannan igiya. Wata huɗu Malam Ilu bai bar ni na wuce tasha ba. Ina ɗinki, ina ɗauri, ina koyon abin da ba a haɗawa da abin da ake haɗawa. Daddawa ba ta kwana kusa da atamfa. Man kaɗe ba ya hawa sama inda rana za ta same shi. Doya ba a danne ta, in ta ƙuje tun a hanya za ta fara ruɓa.

Kayan aikin duk cikin jakar fata ɗaya suke shiga. Basilla biyu, babba da ƙarama. Zaren buhu. Igiyar rama wadda ni nake murza abata a cinya, don ta kasuwa saki take yi in ta sha ruwa. Kakin zuma na liƙe bakin garwa, da wuƙa, da rabin tamfol, da ɗan gwangwanin shuni. Shunin nan shi ne alƙalaminmu. Yawancin masu aikowa da masu karɓa ba su da karatu, ba boko ba ajami, saboda haka kowane gida da alamarsa. Wannan ƙafar kaza, wancan tsani, wancan da'ira biyu. In na sauke kaya a Maraɗi, tun daga nesa mata ke hango nasu, kafin in buɗe baki.

Saƙo kuma iri biyu ne, na hannu da na baki, na bakin ya fi nauyi. A tafiyata ta biyu wata Bagobira mai suna Rabi da ke aure a Saminaka ta kawo ƙunshin barkono da daddawa na mahaifiyarta. Ta ce, "Malam, ka ce mata lafiya nake, na sauka lafiya an samu namiji, kuma kada ta sayar da jar akuyar nan, ina so a bar wa jaririn." Na isa, na faɗi biyun farko, aka yi ta guɗa, aka ba ni fura, na manta da akuya. Kafin in sake komawa an sayar da ita. Rabi ba ta zage ni ba. Kallona kawai ta yi ta ce, "Ashe barkonon ya fi maganata daraja." Tun daga ranar, in na hau mota sai in yi ta bitar saƙonnin baki ɗaya bayan ɗaya kamar mai tilawa, har fasinjoji su ɗauka wuridi nake yi.

Doka kuwa ɗaya ce da ba a tsallakewa. Abin da aka ɗinke a gaban mai shi, a gaban mai karɓa ake farke shi.

Kwandon doya shi ne ma'aunin gwanintar mutum a wannan sana'a. Ta yaya za ka kai shi ƙasar wani ba tare da kuɗin mota ya fi kuɗin doyar ba? Dabarar Malam Ilu ita ce bin kasuwanni. Ranar Alhamis ake cin kasuwar nan, mutanen ƙauye su shigo da saƙonninsu, in wuni ina ɗinki. Juma'a bayan an sauko masallaci in bi motar da ta kawo kaya za ta koma Funtuwa wayam, direba ya karɓi ko nawa ne, ya fi ya tafi da iska. Asabar in kama ta Katsina. Lahadi kasuwar Jibiya, mota har ta yi yawa. Litinin da hantsi ina Maraɗi, ranar kasuwarsu, ranar da mutanen ƙauyuka za su shigo da kansu, ba sai na bi kowa gida ba. Ba na dawowa hannu rabbana kuma. Kanwa, cuku, dabino, busasshiyar albasa, takalman fata, duk saƙo ne na waɗanda suke nan. Tafiya ɗaya, aiki biyu, shi ya sa ko talaka yake iya aikawa. Wani ma ba kuɗi yake ba ni ba, kaza ce ko kwanon gyaɗa.

In kwana ɗaya ya kuɓuce maka kuwa, sarƙar duka ta tsinke. Dajin nan namu shi ke cin kwanakin. A wancan zamani abin tsoro a cikinsa biyu ne, taɓo da giwa. Itatuwa sun haɗe kai a saman hanya, ka yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ka ba, gwanki ya tsaya yana kallon mota kamar shi ma fasinja ne. Wata Juma'a giwaye suka tare mu bayan Dogon Dawa, uwa da 'ya'ya, suna karya reshe suna ci a tsakiyar hanya. Direba ya kashe mota, ya ce duk wanda ya yi tari shi za a miƙa musu. Muka zauna tsit har inuwa ta juya. A tafiyar nan na rasa motar Katsina, na rasa kasuwar Jibiya, na isa Maraɗi an watse, sai da na bi ƙauye tara a ƙafa da kaya a ka. Bayan haka, duk wanda ya ce mini kayan biki ne, ko na suna, sai in ce ya kawo mako guda kafin lokaci. Kwana ɗaya na hanya ne, ba nawa ba.

Iyaka ita ce mafi sauƙi a lokacin. Sanda ce guda a gicciye da rumfa. Abin dariyar shi ne mu hannun hagu muke tuƙi, su dama, sai ka ji fasinjoji sun haɗa baki suna ce wa direba, "Canja hannu! Canja hannu!" Ma'aikatan ɓangarorin biyu duk sun san ni, sun san alamomin shunina.

Yanzu bari in ba ku labarin muguwar shekara, don ku ji inda sana'ar take da ƙaya.

Shekarar babban farin nan ne, bayan an gama yaƙin basasa da 'yan shekaru. Malam Ilu ya riga mu gidan gaskiya, hanya ta zama tawa. Mu nan mun ɗan samu amfani, amma arewa ta ƙone. A ƙauyen Gayam, nan kusa da mu, akwai wani dattijo, Baba Jatau, Bagwari ne, babba a cocinsu, manomin da ake misali da rumbunsa. Shekara bakwai wani Bagobiri mai suna Mahaman yana sauka a gidansa cin rani, yana yi masa gini da yaɓen rumbu, har yaran gidan suna ce masa kawu. A ranin nan Mahaman bai zo ba. Ni na kawo saƙon bakinsa: dabbobi sun mutu, ba zai iya barin iyali ba, kuma sun cinye har irin shuka.

Alhamis ta gaba sai ga Baba Jatau da kansa, da rabin buhu a bayan keke. Ya ce, "Ɗana, wannan dawa ce, iri. Da hannuna na zaɓi kowace zangarniya. Ka kai wa Mahaman kafin ruwan farko ya sauka a wajensu. In ruwa ya riga ka, ka yi tafiyar banza." Na ɗinke a gabansa, na zana alamarsa ta tsani.

A Jibiya, wurin sauke kaya, ƙusar mota ta yagi gefen buhun. Na ja shi rumfar Hajiya Delu mai awo, wadda a gidanta nake sauka tun zamanin maigidana, na zaro basilla zan ɗinke. Ta tsinci ƙwayoyin da suka zube, ta juya su a tafin hannu, ta ciji ɗaya.

"Garba, wannan ta ci ce ko ta shuka?"

"Iri ne, Hajiya. Wani bawan Allah ya aika wa amininsa, can yamma da Maraɗi."

"A wajenku wata nawa ake ruwa?"

"Shida. Wata shekarar har da 'yan kwanaki."

"Inda za ka kai ta, in sun samu uku sun gode Allah. Wannan dawar za ta tashi ta fi ɗaki tsawo, ruwa ya ɗauke ko ciki ba ta yi ba. Kara za ka kai musu, ɗan nan, ba abinci ba."

Na ce ni dai ɗan saƙo ne, abin da aka ba ni shi zan kai.

Ta ce, "To kai. Ni dai na faɗa maka."

Na fita na tambayi manoma uku a kasuwar, kowa maganar Hajiya ya maimaita. In koma Gayam in tambayi mai kaya, mako guda ne zuwa da dawowa. Gabas kuwa ta yi baƙi, iska tana kawo ƙanshin ƙasa. Na zaga kasuwar nan har ƙafata ta gaji, sannan na dawo rumfar. Hajiya tana da irin gero na ƙasar, mai saurin nuna, wanda ta ɓoye a tukwane. Ta ce kwano biyu na dawa, ɗaya na gero, kuma in je in ji ko akwai mai yi mini haka a shekarar nan. Na riga na ji, wasu uku suke nema. Na sa wuƙa na farke ɗinkin da na yi a gaban Baba Jatau. Muka auna. Na rage dawar cikin tafi biyu, na ƙulle a tsumma, na jefa cikin buhun don Mahaman ya ga abin da aka aiko masa tun asali.

A iyaka shekarar nan ba a barin hatsi ya fita a mota. Wani ma'aikaci ya zura hannu a buhun, ya ce mene ne wannan. Na ce iri ne. Ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Wuce. Ka yi sauri."

Da la'asar ɗin ranar ruwan ya sauka, muna cikin mota. Washegari na raba sauran saƙonni a Maraɗi a gurguje, na nemi jakin haya babu, jakunan sun mutu ko ba sa iya tashi. Na naɗa gammo na ɗora buhun a ka. Rabin wuni na yi ina tafiya cikin jiƙaƙƙen rairayi, ina wuce gonaki. Wasu ana shuka, wasu da yawa ba kowa. Ƙasar can kwana biyu take riƙe danshi, in ba ka shuka ba sai wani ruwan, in ya zo.

Na sami Mahaman a bakin gonarsa, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana. Sungumin shuka na hannunsa, ya gyara masa ƙota, alhali ba shi da abin zubawa a rami. Kafin in sauke na faɗa masa gaskiya: dawa aka aiko, ni na musanya, kuma rabi ya samu.

Ya ce, "Mi ka ce, Malam?" Ya kwance bakin buhun ya ɗebo. Ya daɗe yana kallon geron. Sannan ya ce, "Da dawar ce ka kawo, da tuwo za mu yi da ita kwana goma, gona ta kwana banza." Ya juya ya ƙwala wa matarsa kira. Ba wanda ya ce mini sannu da hanya, ba lokaci. Shi yana sara, ni da matar muna zuba iri muna rufewa da diddige. Ƙwayar gero ƙarama ce, tana da auki. Ya shuka tasa gonar, ya ɗiba wa maƙwabta biyu.

Labari ya riga ni isowa gida. Wani direba ya gan ni a rumfar awo, ya zo ya ce an ga Garba yana auna saƙon mutane a Jibiya. Ban jira Alhamis ba, na ari keke na tafi Gayam. Na sami Baba Jatau yana gyaran garma. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai.

Ya ce, "Dawa na ba ka ko gero?"

"Dawa, Baba."

"Wadda kakana ya bar wa ubana. Ka ba 'yan kasuwa su yi tuwo da ita."

"Baba, ba za ta nuna a can ba. Ruwansu—"

"Na tambaye ka ruwansu? Shekara nawa ka yi kana noma da za ka koya mini dawa?" Bai ɗaga murya ba. Ya ci gaba da dukan garmarsa. "Tashi ka tafi. Allah ya gani."

Daminar nan na san sana'a tana iya mutuwa mai ita yana raye. Ranar Alhamis in shimfiɗa tamfol, in jera basilla da igiya, mutanen da na yi shekara goma ina kai musu saƙo su wuce ta gabana su kai wa wani. Ba wanda ya ce mini ɓarawo a fuska, gaisuwa ce kawai ta gajarce. Na koma noman gonar mahaifina. Duk da haka kowane mako biyu sai na tafi, da ƙunshi uku ko huɗu, don hanya in ka bar ta wata biyu direbobi sun manta da kai. Mahaman ya ba ni saƙon baki in kai wa maigidansa cewa gero ya yi kyau. Na kai. Baba Jatau ya ce, "Daga bakinka zan ji?"

Bayan kaka, wata Alhamis da hantsi, motar Funtuwa ta tsaya, sai ga Mahaman yana saukowa. Damin gero a kansa, a hammatarsa kuma wasu karare uku a ɗaure. Bai gan ni ba. Ya tambayi inda mutanen Gayam suke zama, aka nuna masa layin masu doya. Na bar tamfol ɗina na bi shi daga nesa.

Ya sauke damin a gaban Baba Jatau, ya durƙusa. "Maigida, mun same ku lahiya? Ga abin da irinka ya haifa. Gida uku muka ci."

Baba Jatau ya ce, "Irina dawa ne."

"Ga ta nan ita ma." Ya kwance kararen, ya jera su a ƙasa baki da baki. Ashe kara ɗaya ne ya yanka uku don ya shiga mota. Tsawonsa ya kai mutum biyu. "'Yar wadda Malam Garba ya ƙulle a tsumma ce. Na shuka ta bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke ke zuba. Kowa a garin sai da ya zo kallo, ba a taɓa ganin dawa mai kyanta ba. Ruwa ya ɗauke tana nan haka."

Mutane suka fara taruwa. Baba Jatau ya ɗauki ƙarshen karan, ya sa farce ya tsaga kan. A ciki akwai 'yar zangarniya kamar ɗan yatsa, busasshiya, ba ƙwaya ko ɗaya. Ya daɗe yana juya ta. Ya zari zangarniyar gero daga damin, ya murza, ya hura, ya watsa a baki. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "A kira mini Garba."

Na ce, "Ga ni, Baba."

"Kai ma ka san dawata ba ta da laifi."

"Ba ta da laifi, Baba. Ruwa ne bai ishe ta ba."

"To." Ya juya kan tulin doyarsa, ya zaɓi manya guda biyar, ya turo mini da ƙafa. "Na matar Mahaman ne, tunda shi a nan zai ci rani. Ɗauko basillarka, a nan za ka ɗinke, kowa yana gani. In ka biya Jibiya, ka ce wa matar nan mai awo wani tsoho a Gayam yana gaishe ta." Ya nuna ni da yatsa. "Doyar kuma kada ka musanya ta da komai. Ci za su yi."

Layin masu doya ya ɗauki dariya. Na ɗauko kayana na zauna a gabansa na ɗinke, na zana tsani da shuni. Ban ɗago ba sai ga wata ta ajiye garwar zuma a gefena, wani ya ajiye ƙunshin barkono. Kafin la'asar igiyata ta ƙare, sai da na kwance ta jikin rumfa.